Kawu, Kwalabe Biyu da Muryar Mahaifinsa

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai tattara ya koma. Kawuna ya riga mu kama hanya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Tambuwal, aka kai shi makwanci bayan azahar. A ranar, lasifikar masallacin unguwarsu ta kwana tara a lalace tana jiran ya samu sauƙi ya duba ta, don haka da baki aka bi gida-gida ana faɗar rasuwar.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, har bakina ya gaji da cewa amin. Wani mahauci ya yi addu'a, ya shafa, ya ce, "To mu yanzu wa za mu kai ma gyara?" Wani dattijo daga Jabo ya iso a kan babur da rediyonsa ƙunshe cikin tsumma, bai ji labari ba. Da ya ga tabarmi sai ya yi turus, ya rasa inda zai ajiye ta, ƙarshe ya zauna da ita a kan cinya har aka shafa fatiha. Wani ɗan kasuwa ya ce mamacin akwai jin kai, ko gaisawa za ku yi hannunsa ɗaya yana cikin aljihu, sa'an nan ya tuna inda yake ya yi maza ya ce Allah shi gafarta mai. Matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Rana ta uku ta sa aka kira ni zaure, ta miƙo mini mabuɗin shago.

"Ka san yadda za ka yi da tarkacen can," in ji ta. "Ni na gaji da kallonsu."

Duk wanda ya zo, magana ɗaya ce a bakinsa: mai gyaran rediyo ya tafi. Ba ƙarya suka yi ba, amma idan iyakar abin da za a tuna ke nan, kafin a yi sadakar arba'in an manta da shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake jikina bai so ba. Ni ɗan yayarsa ne, malamin makarantar firamare, kuma akwai abin da na gani wanda ba kowa ya gani ba.

Bari in fara wanke shi daga zargin hannu a aljihu. Rediyo da amfilifaya (na'urar ƙara wa murya ƙarfi) na zamanin da, kwalabe ne a cikinsu, masu yin ja idan sun yi zafi, kuma wutar da ke yawo a cikinsu tana iya kashe mutum. Wanda ya koya wa Kawu aiki a Sakkwato ya hore shi da cewa kada ya taɓa zura hannu biyu a ciki, don kada wuta ta bi ta ƙirjinsa. Shi kuwa ya riƙe har ya zame masa jiki. Yakan ce, "Hannu guda na aiki, guda na rai." Da hanci yake fara bincike. Zai buɗe bayan akwati ya sunsuna, ya ce ga abin da ya ƙone, kuma da wuya ka ga ya kuskure. Ƙarfen dalmarsa a kaskon gawayi yake gasa shi, ko bayan da aka kawo wuta gari, wai na lantarki ba ya jin magana. Idan ya gyara rediyo, labarai yake kamowa don gwaji. Da kiɗa ya shigo sai ya murɗe. Na daɗe ban gane dalili ba.

Dalilin yana Kebbe. Gidanmu na can gidan malamai ne, kuma mahaifinsa, Kakana, shi ke tafsirin azumi a masallacin gari tun kafin a haife ni. Kawu ne autansa. Ya sauke Alƙur'ani lafiya lau, amma da aka ɗora shi a kan littattafai sai hankalinsa ya tafi wani wuri. Motar majigi ta zo gari, kowa yana kallon hoto a bango, shi yana bayan mota yana leƙen akwatin da ke fitar da murya. Daga nan ba a sake samun kansa ba. Ranar da ya ce zai tafi koyon gyara, Inna, mahaifiyata, ta ce Kaka ko ɗaga kai bai yi daga littafi ba, ya ce, "Gidan ga ba a taɓa haihuwar mai yi ma makaɗa bauta ba. In ka koyo, ka nemi garin da za ka zauna da shi."

Haka ya buɗe shago a Tambuwal. Shekara kusan ashirin, duk Sallah sai ya je Kebbe, ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Allah shi gafarta Malam." Kaka ya ce, "Lafiya." Shi ke nan. Ya kwana a gidan Inna, gari ya waye ya koma.

Sai aka shiga shekarun nan na bayan raba jiha, da kuɗin mai suka malalo har ƙauye. Kwalta ta ratsa, babura suka cika gari, kowane saurayi da rediyo mai kaset a kafaɗa. Kayan zamanin babu kwalba a cikinsu, sai 'yan ƙananan abubuwa da ake kira tiransista, ba sa zafi, ba sa jiran su ɗumama. Kuma ba wanda ke kawo gyara. Abu ya lalace a jefar a sayo sabo. Kawu yakan wuni a shago yana kaɗe ƙura daga kwalabensa. Ni kuwa a lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, na yi aure, ina jin na san duniya. Wata rana na ce masa, "Kawu, zamanin kwalba ya wuce. Ka zubar da su ka koyi na yanzu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ticha, kai ma akwai ranar da za a ce zamaninka ya wuce. Ka so a zubar da kai?"

Na ce ai ni mutum ne, su kuwa gilashi. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Mun yi wata biyu ba mu yi hira ba.

Abin da ya sake haɗa mu, muryar Kaka ce. A shekarar ta soma dushewa, ga tari mai naci. Idan yana magana sai ka matso da kunne. Da azumi ya gabato, manyan gari suka fara raɗe-raɗin a ba wani malami mai sauran ƙarfi kujerar tafsiri. Wani ɗan uwanmu mai kwangila ya so ya rufa asiri, ya sayo sabuwar amfilifaya ta tiransista daga Sakkwato, da janareto. Aka gwada ta kwana biyu ana kiran salla. Rana ta uku janareto ya yi wani tsalle da wuta, ta yi hayaƙi ta mutu. Aka ce sai an kai ta Kano. Saura kwana goma a ga wata.

Inna ce ta sa ni na raka ta Tambuwal wurin Kawu. Ta tsaya a bakin shago, ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce, "Auta, za su sauke Baba. In sunka sauke shi, ba shi kai Sallah."

Kawu ya yi ta juya ƙarfen dalma a cikin gawayi. Can ya ce, "Shi ya aiko ki?"

"Ka san ba ya aikowa."

 Ya tashi ya jawo wani akwatin ƙarfe mai nauyi daga ƙarƙashin tebur. Tsohuwar amfilifayar motar majigi ce, da ya samu lokacin da aka yi gwanjon kayan. Ya nuna mini cikinta. Manyan kwalabe biyu suna nan lafiya, amma akwai gurbin wata ƙarama wadda ta mutu tuntuni. Ita ce ke karɓar murya daga makirufo, ta ɗan ɗaga ta, ta miƙa wa manyan. Ya neme ta a Sakkwato da Gusau, ya yi saƙo Kano, an ce an daina kawo irinta.

Ya ɗaga babbar kwalba zuwa hasken ƙofa. "Diba ciki. Ka ga wata 'yar waya awa raga? Ita ce igiyar hanci. Wanga takarkari ne, ƙarfi gare shi, amma ba ya motsi sai an ja ragar ga. Ba ta son ƙarfi mai yawa, a dai ja ta daidai. Mai jan ne ya mutu."

A nan na tuna da wani abu da na gani a kasuwar Sakkwato wurin masu kayan rediyo, wanda suke kira aisi. Ɗan baƙin abu ne bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da ƙafafu takwas, an ce shi kaɗai yana aikin tiransista da yawa. Washegari na hau mota na sayo guda uku, da takardar da mai shagon ya zana mini aikin kowace ƙafa. Na ce wa Kawu mu haɗa sabuwar amfilifaya gaba ɗaya da irinsu. Ya ɗora ɗaya a tafin hannu, ya ƙirga ƙafafun da farce.

"Kaska," in ji shi. "Wagga kaskar ba ta iya ɗaukar lasifika fuɗu, kuma janareton can zai cinye ta awa yadda ya cinye waccan. Kwalba ita ka jure haukan wuta. Amma ja, tana iya ja."

Ban taɓa jin an haɗa sabon abu da tsoho haka ba, na kuwa faɗa masa. Ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

Kaskar farko ko minti ɗaya ba ta yi ba. Babbar wutar kwalabe ta sato hanya ta komo mata, sai ƙauri. Ta biyu ta yi aiki, amma muryar da ta fito siririya ce, ga wani gurnani a ƙarƙashinta, kuma da ya matsa mata ta yi zafi ta mutu. Kawu ya ajiye ƙarfe, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. A ranar na ga tsufa a fuskarsa. Gwaggo ta aiko da fura ta dawo ba a taɓa ba. Saura kwana huɗu, saura kaska ɗaya.

Da safe na tarar ya farke wata matacciyar rediyo ya ciro ɗan ƙaramin taransifoma, irin wanda ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga lasifika. Ya juya shi baibai, ya mai da mafita mashiga, don ya riƙa ɗagawa maimakon ragewa. Ya ce da haka ɗan motsin kaska zai isa ya ja ragar kwalabe biyun, ɗaya ta ja ɗaya ta saki, kuma babbar wuta ba ta da hanyar tsallakowa ta cinye ta. Ita kaskar ya ware mata abincinta daban, batirin tocila shida a cikin gorar da ya fafe, don kada ta haɗa komai da janareto.

Ya rataya lasifika a bishiyar ƙofar shago ya ce in yi ta tafiya har inda zan daina ji. Na wuce 'yan tireda, na wuce masu faci, na kai bakin tasha. Ina jin muryarsa sarai, a hankali, kamar yana raɗa a bayan kunnena, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Na dawo da sassarfa ina haki. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Nemo mota."

A bayan a-kori-kura muka tafi Kebbe, hanya duk gargada. Ya cire kwalaben ya naɗe su a zanen Gwaggo, ya sa a ƙwarya, ya rungume a cinya kamar mai kai ƙwai kasuwa.

Kaka yana zaure da littafi. Kawu ya durƙusa ya yi gaisuwarsa ta kullum, aka ba shi amsarsa ta kullum. Ni da yake jika ne, akwai wasa tsakaninmu, sai na ce, "Tsoho, mun kawo ma sabon maƙogwaro."

Ya ce da 'yar muryarsa, "Ban roƙi kowa ba."

Inna tana bayan ƙofa. Ta ce, "Baba, ni na roƙa. Shekara hamsin ina ɗiyarka, ban taɓa jin tafsirinka ba, sai dai maza su dawo su ce yau Malam ya yi karatu. Ka bari in ji ko sau guda."

 Kaka ya juya shafi ya ce, "Ku yi abin da kunka ga dama."

Ranar ɗaya ga azumi bayan la'asar aka tada janareto a bayan masallaci. Sai da aka jira kwalabe suka yi ja. Mai jan baki ya ja aya, Kaka ya matso da baki ya fara fassara. Na ga mutanen sahun baya sun ɗago kai a tare. Muryarsa ce, da kaurinta na da, ba ƙarfe-ƙarfe a cikinta. Inna ta ce a cikin gida mata suka saki taɓarya suka zauna a inda suke. Amma ana tsakiyar karatu tari ya sarƙe shi, lasifika huɗu suka kwashe shi suka watsa wa gari, da kakarin da komai. Wasu suka sunkuyar da kai. Na ga kunya ta rufe tsohon, ya gajarta karatun ya tashi.

Washegari Kawu ya ɗauke akwatin daga lungu ya kawo shi dab da buzun Kaka. Ya zauna ya ɗora yatsu a kan abin murɗa ƙara, idonsa a kan mahaifinsa. Da tari ya taso sai ya murɗe, gari ya ji shiru kamar Malam yana nazari. Da ya lafa sai ya buɗe. Ko sau ɗaya bai makara ba. Ni aikina in zauna a gefe da mafici ina yi wa kwalabe fifita, don zafin bazara ya haɗu da nasu.

Haka ya yi wata guda. Shago a rufe, Gwaggo tana aiko da saƙon ko ya manta yana da gida. Kullum da safe ya goge ƙafafun kwalabe, ya ɗanɗana batir da harshe. Bayan la'asar ya zauna a gefen mutumin da ba ya kallonsa, yana azumi, gumi yana bin gemunsa. Maganar sauke Kaka ta mutu da kanta. Mutane har daga Fakku suke zuwa.

Ranar rufewa, ana gab da addu'a, wani dogon tari ya kama Kaka. Kawu ya murɗe. Da tarin ya sake shi, maimakon ya koma ga makirufo, sai ya karkato wajen Kawu. Ina kusa, na ji da kunnena. Ya ce, "Auta, na ga hannunka tun ran farko. Allah shi yi ma albarka. Na yafe ma, kai ma ka yafe man."

Kawu ya gyaɗa kai, ya buɗe ƙara. Aka yi addu'a aka watse. Na yi mamakin ƙarfin halinsa, ko ƙwalla bai yi ba. Na ce a raina sha'anin uba da ɗa ne, ba nawa ba ne in tayar. Kaka bai ga wani azumin ba. Bayan Babbar Sallah ya rasu.

Daga nan duniya ta juya. Kuɗin mai suka janye kamar ruwan fadama, kaya suka yi wuya, waɗanda suka jefar da tsofaffin rediyo suka koma suna tono su. Aiki ya dawo wa Kawu a lokacin da ƙarfi ya tafi. Da yawa daga masallatan ƙauyukan nan sun yi shekaru suna kiran salla da irin haɗin nan nasa, kaska a gaba kwalba a baya, ba wanda ya san sunan mai yi. Idonsa ya rage. Kunnensa ya yi nauyi har sai an yi masa ihu, ya koma gwada lasifika da ɗora yatsa a kan takardarta ya ji rawarta. Ya rage magana. Idan na ce ya huta, sai ya ce, "In na huta, wa za ya yi?"

Kwana biyar kafin ya cika na je duba shi. Da rana ne, yana kwance a rumfar tsakar gida, Gwaggo tana madafa. Ya yafito ni, na matsa. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ticha, akwai abin da nika son tambayarka. Ran da anka rufe tafsiri, Malam ya duƙo ya yi man magana. Kana wurin. Mi yac ce?"

Na zuba masa ido. Na ce, "Kawu, ba ka ji ba?"

Ya karanci bakina. "Kunnen ga na dama ya mutu tun kafin azumin nan. Ba tarin nika ji ba, kafaɗarshi nika kallo. In ta ɗaga, in murɗe."

"Shekara bakwai! Don me ba ka tambaye ni ba?"

Ya kawar da ido. "Tsoro. Na ce in cewa ya yi in kwashe kayana, gara in mutu ban ji ba. To yanzu ga mutuwar ta zo, kuma na kasa."

 Shekara bakwai ina ɗauke da kayan mutum a cikina, ina zaton yana hannunsa. Na sunkuya na faɗa masa. Ya girgiza kai, bai ji ba. Na zagaya wajen kunnen hagu na ɗaga murya, nan ma bai kama ba. Sai na haɗa tafuka a kunnensa na buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfina, kamar mai kiran wani a hayin gulbi: "Cewa ya yi ya ga hannunka! Ya ce Allah shi yi ma albarka! Ya yafe ma, kai ma ka yafe mai!"

Gwaggo ta fito da muciya a hannu ta tsaya. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kawu ya rufe ido.

"Sake faɗi," in ji shi.

Na sake. Ya ce in ƙara. Sau huɗu na faɗa, har muryata ta dushe. Sa'an nan ya saki hannuna, ya ce da Gwaggo ta kawo masa kunu, yunwa yake ji. Rabonsa da neman abinci da bakinsa an yi mako biyu.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya iso gare Ka a gajiye. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba tari ba kurumta. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon faɗa wa juna alheri tun kunnuwa suna ji. Amin.